NBA: Kafin ka rantse gwaninka ne zai ɗauki kofi, tsaya ka duba benci

An koma fagen ƙwallon kwando a Amurka, musu kuma ya dawo sabo a WhatsApp da X. Wannan ya ce Lakers, tunda ga LeBron ga Luka Doncic. Wancan ya ce Curry bai gama ba. To ɗan'uwa, ko ke 'yar'uwa mai hana ido barci har ƙarfe uku na dare saboda wasa, ga tambaya ɗaya kafin a ci gaba: yaushe rabon da wata ƙungiya ta ɗauki kofin NBA sau biyu a jere?

Amsa ita ce 2018, lokacin Golden State. Daga nan kowace shekara sabon zakara ake yi: Toronto a 2019, Lakers a 2020, Milwaukee a 2021, Golden State a 2022, Denver a 2023, Boston a 2024, sai Oklahoma City Thunder a 2025. Shekara bakwai, ƙungiya bakwai. Duk wanda ya ce maka ya san wanda zai ɗauka bana, ra'ayinsa kawai yake faɗa. Ni ma nawa zan faɗa, amma da dalili: a NBA ta yanzu sunan tauraro shi kaɗai ba ya kai ƙungiya ga kofi. Lafiyar 'yan wasa da ƙarfin benci su ne ke yanke hukunci, kuma benci mai ƙarfi daga zaɓen sabbin 'yan wasa yake fitowa.

Abin da kakar 2024-25 ta nuna

Idan sabon shiga ne kai, ga yadda tsarin yake. Ƙungiyoyi 30 ne, 15 a ɓangaren Gabas, 15 a Yamma, kowace tana buga wasa 82. Daga nan 16 ke shiga zagayen fitar da gwani, inda ƙungiya biyu za su yi ta karawa har ɗaya ta ci wasa huɗu cikin bakwai. Sai ka tsallake irin wannan zagaye sau huɗu kafin ka taɓa kofi. Kusan wata biyu kenan ana gwabzawa, a lokacin da jiki ya riga ya gaji.

Cleveland ta ci wasa 64 a kakar 2024-25, ita ce ta ɗaya a Gabas. Indiana, wadda ta zo ta huɗu, ta fitar da ita a zagaye na biyu da ci 4-1. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne. Lakers, da LeBron da Luka duka, a zagayen farko Minnesota ta sallame su, 4-1. Curry ya ji ciwo a cinya a wasan farko na zagaye na biyu, Golden State ba ta sake cin wasa ko ɗaya ba. Sannan manyan taurari uku jijiyar agararsu ta tsinke ana tsaka da gasar: Damian Lillard, Jayson Tatum, da Tyrese Haliburton, wanda nasa ya faru a farkon wasa na bakwai na ƙarshe. Ka lura, duk ƙungiyar da ta ɗora rayuwarta a kan mutum ɗaya, ciwo ɗaya ya ishe ta.

Yadda Thunder ta gina kanta

Ba a fafe gora ranar tafiya. A 2019 Oklahoma ta sayar wa Clippers tauraronta Paul George, ta karɓi wani siririn yaro ɗan Kanada, Shai Gilgeous-Alexander, tare da damar zaɓen 'yan wasa biyar a zagayen farko na shekaru masu zuwa. Ta sha kashi na wasu shekaru tana haƙuri. A 2022 ta ɗauki Chet Holmgren a lamba ta 2, ta kuma yi amfani da ɗaya daga cikin damar da ta samu daga Clippers ta ɗauki Jalen Williams a lamba ta 12. Lu Dort, wanda yake manne wa manyan taurari kamar kaska, babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a 2019. Alex Caruso ma haka ya shigo NBA, ba wanda ya kira sunansa ranar zaɓe.

Sakamakon? Wasa 68 suka ci. Shai ya zama gwarzon kaka, ya fi kowa zura maki, ya kuma zama gwarzon wasannin ƙarshe. Amma a wasa na biyar da Indiana, Jalen Williams ne ya zuba maki 40. Ka ga bambancin kenan. In an tare Shai akwai wani, in wannan ya gaji koci yana da wanda zai ɗauko daga benci tsaro bai yi sanyi ba.

Hasashena na bana

A Yamma, ina tare da Thunder. Yaran nan ba su tsufa ba, kuma kusan dukansu suna nan. Wadda nake jin tsoro ita ce Denver, domin Nikola Jokic ya kai su har wasa na bakwai a kakar 2024-25 da benci marar ƙarfi, yanzu kuma sun ƙaro mutane irin su Cam Johnson. Houston ta ɗauko Kevin Durant, sai dai mai rarraba musu ƙwallo, Fred VanVleet, ya samu mummunan rauni a gwiwa tun kafin a fara. Lakers fa? Luka ƙwararre ne, ba musu. Amma LeBron ya riga ya kai shekara 40, kakar 2025-26 ce kakarsa ta 23, kuma tsaron gidansu bai kai na Thunder ko Minnesota ba. Magoya bayan Lakers ku yi haƙuri, ban gan ku a wasan ƙarshe ba.

A Gabas ƙofa a buɗe take. Boston ta fara kakar 2025-26 ba Tatum, ta kuma rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis don rage kuɗin albashi. Indiana ma ta fara ta ba Haliburton, Myles Turner kuma ya koma Milwaukee. Saura Cleveland da New York Knicks. Na ba Knicks, saboda Jalen Brunson mutum ne da ba ya rawar jiki a mintunan ƙarshe, kuma sabon kocinsu Mike Brown zai fi ba 'yan benci dama a kan Tom Thibodeau, wanda aka san shi da barin mutum biyar a fili har su galabaita.

Wasan ƙarshe: Thunder da Knicks, Thunder ta ɗauka a wasa shida. Abu ɗaya zai rusa wannan lissafi, shi ne ciwo. Shi ya sa nake roƙonka kada ka ɗauki hasashe, nawa ko na wani, ka kai kuɗin makaranta ko jarin sana'arka wurin caca. Wanda ya sa kuɗinsa a kan Boston a watan Mayu bai san agarar Tatum za ta tsinke a New York ba.

Zaɓen sabbin 'yan wasa: lamba ba ita ce makoma ba

Kowane watan Yuni ƙungiyoyi suna zaɓar matasa daga jami'o'in Amurka da sauran ƙasashe, zagaye biyu. Ƙungiyoyi 14 da ba su kai zagayen fitar da gwani ba ana yi musu ƙuri'a don sanin wadda za ta fara zaɓa, kuma ukun da suka fi shan kashi kowace damar kashi 14 cikin 100 kawai gare ta. A 2025 Utah ce ta fi kowa rashin nasara, amma ta ƙare a lamba ta 5. Dallas, da damar kashi 1.8 kacal, ita ta samu lamba ta 1, watanni kaɗan bayan ta ba da Luka ga Lakers magoya bayanta suna ta zanga-zanga. Ta ɗauki Cooper Flagg na jami'ar Duke, ɗan shekara 18. Yaron yana da tsaro, yana da kai, amma nauyin da aka ɗora masa na maye gurbin Luka ya yi yawa. Ka ba shi shekara biyu ko uku kafin ka yanke masa hukunci.

Wanda ni na fi sa wa ido shi ne Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu, wanda ya tashi a Uganda, ya samu horo a makarantar NBA da ke Senegal, aka zaɓe shi a lamba ta 10, yanzu yana Phoenix. Dogaye irinsa sukan ɗauki lokaci kafin su nuna.

A zaɓen 2026 sunaye uku ake ta ambata: Darryn Peterson na Kansas, AJ Dybantsa na BYU, da Cameron Boozer na Duke, ɗan tsohon ɗan wasa Carlos Boozer. Bidiyon Dybantsa ne zai fi yawo a TikTok ɗinka saboda tsallensa. Ni dai Boozer ya fi kwanta mini, don wasansa na mai hankali ne, irin wanda koci zai iya jefawa fili tun daren farko.

Lamba ta 1 tana iya zama alheri: Hakeem Olajuwon ɗan Legas a 1984, LeBron a 2003, Victor Wembanyama a 2023. Tana kuma iya zama asara. A 2013 Cleveland ta ɗauki Anthony Bennett a farko, shekara huɗu kacal ya yi a NBA. A wannan zaɓen dai aka ɗauki Giannis Antetokounmpo a lamba ta 15. Jokic, mai kambun gwarzon kaka sau uku, lamba ta 41 ne a 2014.

Misalin da ya fi burge ni na Masai Ujiri ne, wanda ya tashi a Zariya. Ƙungiyar Toronto da ya haɗa ta ɗauki kofin 2019 ba tare da ɗan wasa ko ɗaya da aka zaɓa cikin 14 na farko ba. Shi ya ɗauko Pascal Siakam ɗan Kamaru a lamba ta 27 a 2016, Siakam ɗin da ya zama gwarzon wasannin ƙarshe na Gabas a 2025 tare da Indiana.

Don haka bana in kana kallo, ka riƙa lura da wanda koci yake sakowa lokacin da tauraro ya zauna hutawa, da ko maki yana zubewa a waɗannan mintunan. A nan ake gane ƙungiyar da za ta kai watan Yuni. Ni na faɗi nawa: Thunder a wasa shida. Kai ma rubuta naka ka ajiye da kwanan wata, mu haɗu bayan wasan ƙarshe.