Masu Biyan Kuɗi Su Zagaye Duniya a Jirgin Iska

A shekarar 1996 Robin Knox-Johnston, Baturen Ingilan da ya fara zagaye duniya shi kaɗai a jirgin ruwa ba tare da ya tsaya ba, ya kafa gasar Clipper domin waɗanda ba ƙwararrun matuƙa ba: malaman makaranta, likitoci, 'yan kasuwa, wasunsu ba su taɓa jan igiyar jirgi ba. Su ke biyan kuɗi, a horar da su mako 4, sannan su hau jirgi mai tsawon ƙafa 70 da iska ke turawa, tafiyar mil 40,000 cikin kusan wata 11. Aiki karɓa-karɓa ne dare da rana. Wanda ya sauko daga gadi jiƙe sharkaf, gadon da ɗan'uwansa ya tashi yanzu zai kwanta, jirgi a karkace. Mai girki kuwa sai ya tokare jikinsa kafin ya juya tukunya.

Masu suka na cewa ganganci ne a kai sabon shiga irin wannan ruwa, kuma suna da hujja, don mutum 3 sun rasu tsakanin 2015 da 2017. Sai dai ba duka rashin ƙwarewa ya jawo ba. Simon Speirs, ɗaya daga cikinsu, yana ɗaure da igiyar tsaro lokacin da igiyar ruwa ta ɗebe shi, ƙugiyar igiyar tsaron ce ta lanƙwashe ta sake shi. Baligin da ya san haɗarin yana da 'yancin shiga, amma ingancin kaya da isassun ƙwararru nauyi ne a wuyan wanda ya karɓi kuɗinsa. Daga baya an ƙara ƙwararren mataimaki ga kowane kyaftin, gyaran da ya kamata a yi tun farko.