Daga Igiya Zuwa Anini: Yaya Albashin Yake?

Yaro ya bar Kaoje ya tafi Depot na Zariya kurtu, ya fito farabiti, ya yi shekaru yana tara igiya a hannun riga har ya kai saje. Wata rana sai labari ya iso gida cewa ya zama hafsa, an ɗora masa anini a kafaɗa. Tambayar da dangi kan yi ita ce: shekarun da ya yi a ƙasa suna ƙara masa albashi?

A Amurka amsar a rubuce take. Hafsan da ya haura shekara 4 yana ƙaramin soja kafin a ba shi muƙami yana da layin albashi nasa daban, wato O-1E zuwa O-3E, daga ƙaramin laftanar zuwa kyaftin. Dalilin a fili yake: kada tsohon saje mai iyali ya karɓi kuɗin yaron da jiya ya fito makaranta. Idan ya zama manjo, layin ya ƙare.

A Najeriya ana biyan soja ne da tsarin CONAFSS, wanda ke bin muƙami da mataki. Ƙofar hafsanci kuma a buɗe take ga ƙaramin soja, har da wata ta musamman ga tsofaffin saje da samanja. Fansho kuwa na Hukumar Fanshon Soja ne a Abuja, ba na asusun adashin gata ba.

Saboda haka, ɗan Kaoje da ke cikin kaki, ka adana takardar ranar da aka ɗauke ka aiki, da ita ake lissafin shekarun aikinka.