Makaranta a Ranar Ambaliya: Haƙƙin Baƙo da Haƙƙin Ɗalibi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya shaida daminar 2024 a Nijar ba zai manta da ita ba. Ruwa ya yi sanadin rasuwar mutum sama da 300, ya shafi sama da miliyan ɗaya. Gidajen laka sun zube a Maraɗi, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe. Ina mutane suka nufa da tabarminsu da tukwanensu? Da yawa makaranta suka nufa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa gwamnati ta ɗage komawa karatu daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata. Irin haka ta faru a Yamai a 2020, lokacin da kogi ya kai wajen mita 7, ya shiga unguwanni kamar Lamorde da Saga.

Ba haka kawai ake zaɓen makaranta ba. A unguwanni da ƙauyuka da yawa, ita ce ginin siminti mafi girma da kowa yake da haƙƙi a cikinsa. Tana da rufin kwano da fili, sau da yawa da famfo ko rijiya da makewayi. Ga shi kuma ruwan Agusta da Satumba yana zuwa ne lokacin babban hutu, azuzuwa ba kowa. Iyalin da ɗakinsu ya faɗi da tsakar dare ba sa buƙatar a nuna musu hanya, domin ita ce hanyar da ƴaƴansu suke bi kowace safiya.

Amma amfanin makaranta bai tsaya ga gini ba. Malami ya san gidaje. Ya san marayan da ke hannun kakarsa, ya san gidan da mai shi ya tafi cin rani, ya san matar da kunya ba za ta bari ta shiga layin rabo ba. Idan kayan agaji suka zo, abin da ake fara nema shi ne sunaye, kuma a nan ne zalunci ya fi shiga: mai baki ya karɓa sau biyu, mai rauni ya koma hannu wofi. Shugaban makaranta da kwamitin iyayen yara, tare da mai unguwa da liman, su ne suka fi dacewa su rubuta sunayen nan da gaskiya. Haka nan malaman allo da na Islamiyya: su ne suka san adadin almajiran da ke kwana a zaure, waɗanda iyayensu suke nesa, kuma galibi ba a sa su cikin lissafin kowane gida.

Wannan aiki yana da asali a wajenmu. Masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina ya kasance makaranta, kuma a cikinsa ne Ahlus Suffa, baƙi marasa matsuguni, suke kwana suna karatu. Imamu Muslim ya ruwaito labarin wasu mutane daga ƙabilar Mudar da suka iso cikin tsananin talauci. Fuskar Annabi (SAW) ta sauya saboda halin da ya gan su, ya tara jama'a ya kwaɗaitar da su sadaka, har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi. Wurin koyarwa ya zama wurin agaji, ba tare da an daina koyarwa ba.

A nan ne muke so mu tsaya, domin nan ne matsalarmu take. Idan Oktoba ta zo baƙi suna cikin aji, haƙƙi biyu ne suke karo. Mai jego da ke kwance a ƙarƙashin allo ba ta da inda za ta je. Yaron da ke jiran ajin kuma shekarar karatunsa tana tafiya, jarrabawa ba za ta jira shi ba. Abin da ya fi wannan tsanani shi ne yaron da bai dawo ba sam: an tura shi talla ko aikin ƙarfi don gida ya samu abin sawa a baki, ko yarinyar da aka gaggauta aurar da ita don a rage nauyi. Ruwa yakan janye cikin makonni, amma wannan hasara takan bi yaro har tsufansa.

Kada kuma a ce mafita ita ce a kai yara azuzuwan zana. Ba mu manta da gobarar da ta kashe yara kusan 20 a wata makaranta a Yamai a Afrilun 2021 ba, da wadda ta kashe sama da 20 a Maraɗi a Nuwamban shekarar. Ba a maganin wata musiba da buɗe ƙofar wata.

To, mene ne abin yi? Na farko, shiri tun kafin damina. Unguwa ta zauna da hukumar magajin gari a san wace makaranta za a buɗe, wa ke riƙe da makulli, wane fili ne a kan tudu za a kafa tantuna idan zaman ya yi tsawo. A kulle littattafai da rajistar ɗalibai a ɗaki guda, a ɗora su sama.

Na biyu, tsari a lokacin zaman. A ware wa mata da ƙananan yara azuzuwansu da makewayinsu, domin musiba ba ta ɗauke hukuncin sutura. A kula da ruwan sha da wanke hannu, a raba gidan sauro, saboda cunkoso bayan ambaliya shi ne abokin amai da gudawa da zazzaɓin cizon sauro. Ko a ƙarƙashin itace, malami ya tara yara awa ɗaya ko biyu. Yaron da ya ga ɗakinsu ya faɗi yana samun natsuwa idan ya ji an kira sunansa a aji kamar yadda aka saba.

Na uku, amana. Tebura da kujeru da ƙofofin makaranta dukiyar jama'a ne. Bai halatta a fasa kujera a hura wuta ba, ko a tafi da kwano ranar tashi. Wanda aka saukar ya bar wurin kamar yadda ya same shi.

Na huɗu ya rataya ne a wuyan masu hali. Ba a fitar da baƙo daga aji da tsawa, ana fitar da shi ne da sama masa inda zai koma. Wanda ruwa ya raba da gidansa da rumbunsa ya shiga sahun masu cin zakka. Buhun siminti, kuɗin haya na wata uku, ko ɗakin da ke kulle a gidanka, kowanne yana yin alheri biyu: ya rufa wa iyali asiri, ya mayar wa yara ajinsu. Ranar buɗe makaranta kuma, malamai su duba rajista, duk sunan da ba a amsa ba a bi shi har gida.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da mafi alheri, Ya ba mu damina mai albarka ba mai ɓarna ba. Allah ne Mafi sani.