RIGAKAFIN SHAN INNA: AMSA GA TAMBAYOYIN IYAYE DA MALAMAI

Ya ku iyaye da malamanmu masu girma na Kawo, Unguwar Sarki, Badarawa, Unguwar Rimi da Tudun Wada.

Me ke kawo shan inna?

Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ba iskoki ko sammu ba. Tana fita ta kashin yaron da ya kamu, ta shiga bakin wani ta ruwa ko abinci ko hannu marar tsafta. A cikin yara 200 da suka kamu, ɗaya ne ke shanyewa har abada, sauran kuwa suna yaɗa ta ba tare da an sani ba. Ba ta da magani, sai rigakafi.

Shin ɗigon yana hana haihuwa ko sa ƙanjamau?

A'a. Wannan jita-jita ta bazu a 2003, har jihohin Kano, Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin. Mun san mafarin tsoron: ba a manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba. Amma ɗigon shan inna daban ne. An gwada shi a gida da waje, kuma Kano ta koma bayar da shi a Yulin 2004 da wanda aka yi a Indonesiya, ƙasar Musulmi. Sai dai kafin nan cutar ta ƙaru, daga baya ta isa ƙasashe kusan 20. Yaran da aka ɗiga wa a lokacin, yau su ne iyayen da ke goyon nasu 'ya'yan.

Me ya sa ake maimaitawa?

Inda zawo ya yawaita, ɗigo sau ɗaya ba ya kama jikin kowane yaro. Kowane zagaye ƙarin garkuwa ne.

Ba an ce cutar ta ƙare ba?

An ga nau'inta na asali karo na ƙarshe a Nijeriya a Jihar Borno a 2016, kuma a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da shi daga Afirka. Amma inda aka bar yara da yawa ba rigakafi, raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon kan daɗe tana yawo har ta rikiɗe ta shanye yaro. Maganin wannan shi ne a ɗiga wa kowa.

Kiranmu

Malamai sun fi mu sanin umarnin Suratul Hujurat na tantance labari kafin a ɗauka. Saƙon murya a WhatsApp ba hujja ba ne. A tambayi ma'aikacin lafiya kafin a tura. Muna roƙon limamai su yi bayani a huɗuba da makarantun Islamiyya, magidanta kuma su ba da izini a fito da duk yaron da bai kai shekara 5 ba. Kyauta ne.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya raya mana zuri'a, amin.