Lissafin Giya a Tsofaffin Motocin Jif: Difaranshal, Taya da Giyar Hannu

Ƙarfin da injin mota ke samarwa ba ya isa ga taya kai tsaye, sai ya ratsa jerin faya-fayan ƙarfe masu haƙora waɗanda ke rage saurin juyawarsa su kuma ƙara masa ƙarfin murɗawa. A motar jif mai ja da ƙafa huɗu, ƙarfin kan shiga akwatin giya, ya wuce zuwa ƙaramin akwatin da ke raba shi tsakanin gaba da baya, sannan farfela ta kai shi ga difaranshal, wato na'urar da ke tsakiyar aksil wadda ke ba tayoyin dama da hagu damar juyawa da sauri daban-daban a lokacin shan kwana. A cikin difaranshal akwai ƙaramin dunƙule mai haƙora, finiyan, wanda ke juya babban faifai mai kama da zobe, kuma idan aka raba adadin haƙoran babban da na ƙaramin sai a sami lambar da ake kira rashiyo. Faifai mai haƙora 37 da finiyan mai 9 suna ba da 4.11, ma'ana sai farfela ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta kammala zagaye ɗaya. Da finiyan mai haƙora 10 kuwa, lambar sai ta sauko zuwa 3.70.

Babbar lamba tana ba mota ƙarfin ja da hawan tudu, amma tana sa inji yawan juyawa da shan mai a kan kwalta, ƙaramar lamba kuma akasin haka take yi. Abin da ya fi tilasta wa masu tsofaffin jif sauya wannan lamba shi ne ƙarin girman taya, domin babbar taya tana cin ƙasa mai yawa a kowane zagaye, sai ta mai da kowace giya tamkar an ɗaga ta sama. Motar takan yi nauyin tashi, kuloci ya riƙa ƙonewa, agogon gudu kuma ya riƙa nuna ƙasa da ainihin gudun da ake yi. Lissafin gyara wannan ba shi da wuya: a ninka tsohuwar lamba da tsayin sabuwar taya, a raba da tsayin tsohuwar. Motar da ta fito da 4.10 a kan taya mai inci 31, idan aka sa mata mai inci 35, tana buƙatar kusan 4.63 kafin ta dawo hayyacinta, shi ya sa ake zaɓa tsakanin 4.56 da 4.88, waɗanda su ne ake samu a kasuwa. Mai ɗaukar kaya ko mai shiga rairayi ya fi dacewa da ta biyun, ko da yake finiyan ɗinta mai haƙora 8 ne kacal, kuma raguwar haƙora raguwar ƙwari ce.

Kuskure ne babba a yanke hukunci kan difaranshal ba tare da duba akwatin giya ba, kuma Toyota Land Cruiser FJ60 ta shekarun 1980 ta isa misali. Wadda aka sayar a Amurka ta zo da akwati mai giya huɗu, H42, da difaranshal 3.70, sai ya zama giya ta ɗaya ba ta da isasshen ƙarfin rarrafe a kan duwatsu, ta huɗu kuma ba ta sarara wa inji a babbar hanya. Akwatin H55F mai giya biyar, wanda Toyota ta sa wa irin wannan mota a wasu ƙasashe, ya magance matsalolin biyu a lokaci guda, domin giyarsa ta ɗaya 4.843 ce maimakon 3.555, ta biyar kuma 0.845, wato farfela na juyawa fiye da injin kansa. Idan aka haɗa shi da difaranshal 4.11 a kan taya mai inci 31, inji zai juya kusan sau 2,300 a minti a gudun kilomita 100 cikin awa, ƙasa da kusan 2,500 da tsohon tsarin ke buƙata, alhali ƙarfin tashi ya ƙaru da kimanin rabi.

Fifikon giyar hannu a tsohuwar mota ya ta'allaƙa ne ga sauƙin gininta. Ba ta tara zafi kamar otomatik, tana riƙe mota a gangara ba tare da gajiyar da birki ba, ana iya tura motar ta tashi idan batir ya yi sanyi, kuma kanikawan ƙananan garuruwa sun san cikinta. Wannan na cikin dalilan da suka sa Land Cruiser jerin 70, da aka fara ƙerawa a 1984, musamman mai injin dizal 1HZ da giyar hannu, ta zama abin dogaro a hanyoyin hamada na Agadez da arewacin Chadi. Otomatik ma tana da nata alheri, domin a cikin rairayi mai laushi ba ta yanke ƙarfi lokacin sauya giya, alhali ɗan taka kuloci kan isa ya kafar da mota. Mai son cire otomatik ya sa ta hannu kuma aikinsa ya wuce sayen akwati, tun da yana buƙatar fedar kuloci da sauran kayansa, sau da yawa ma sai an sauya tsawon farfela da mazaunin akwatin.

Idan za a sauya rashiyon difaranshal, dole ne aksil na gaba da na baya su zama da lamba ɗaya, in ba haka ba da zarar an sa ƙafa huɗu sai su riƙa ja-in-ja har wani abu ya karye. Ɗaura sabbin haƙoran shi ma aikin gwani ne, wanda zai auna ratar da ke tsakaninsu, ya daidaita matsin boris, ya shafa musu fenti don ganin inda suke haɗuwa, sannan a lallaɓa motar na kimanin kilomita 800 kafin a zubar da man farko. Difaranshal da aka haɗa da ka, ba tare da awo ba, yakan fara kuka tun da wuri, kuma haƙoran da suka riga suka ci juna ba su da magani sai sauyawa.