Bazarar Turai a lambun gida: misalin ƙasar Faransa

A ƙasar Hausa, bazara lokacin zafi ne da ke gabatar damina. Amma idan ana maganar Turai, akan yi amfani da kalmar don nufin watannin Maris, Afrilu da Mayu, wato lokacin da sanyi ke janyewa. Wajen 20 ga Maris dare da rana sukan yi daidai. Daga nan yini ya yi ta ƙaruwa, har a birnin Paris ya kai kimanin awa 16 a ƙarshen Yuni.

Ƙaruwar haske da ɗumi ita ke tayar da lambu. Furen tulip yana cikin na farko da ke fitowa. Tun watan Oktoba ko Nuwamba ake binne kansa, mai kama da albasa, domin sai ya sha sanyi kafin ya yi fure. A watan Afrilu itatuwan tuffa su yi huda, ƙudan zuma su riƙa kai garin fure daga wannan zuwa wancan. In babu su, 'ya'yan ba su yin yawa.

Mai lambu yakan fara da kayan da ke jure sanyi, kamar karas, albasa, salati da dankalin Turawa. Tumatir da tattasai kuwa a cikin ɗaki ake renon irinsu, kusa da taga.

Dalili shi ne, ko a watan Afrilu ko farkon Mayu, idan dare ya yi garau ba gajimare, ƙasa takan saki ɗuminta, sanyi ya sauka ƙasa da sifili. Ruwan da ke cikin ganye ya daskare, kafin safiya shukar ta mutu. A watan Afrilu na 2021 irin wannan sanyi ya lalata gonakin inabi da na 'ya'yan itatuwa masu yawa a Faransa. Shi ya sa mutane da dama ba su dasa tumatir a fili sai an wuce 11, 12 da 13 ga Mayu, kwanakin da suke kira "waliyyan ƙanƙara".

Bayan sanyi sai dodon koɗi, wanda ke fitowa da dare idan an yi ruwa, ya cinye ɗanyen salati. Akan tsince shi da hannu. Ta wannan fuska mai lambu a Faransa ya yi kama da manomin da ke jiran ruwan shuka: wanda ya yi gaggawa yakan yi asarar iri.