Khan al-Umdan na Birnin Akka: Tarihinsa da Tsarin Gininsa

Khan shi ne sunan da ake ba masaukin fatake a ƙasashen Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Daga cikin waɗanda suka wanzu har yau, kaɗan ne suka kai Khan al-Umdan shahara. Yana birnin Akka, a gaɓar Bahar Rum, arewa da Haifa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tsarin ginin da kansa shaida ne a kan yadda mai mulki ya riƙe ragamar ciniki.

Ahmad Pasha al-Jazzar, gwamnan lardin Saida wanda ya mai da Akka mazauninsa har rasuwarsa a 1804, shi ne ya gina wannan masauki wajen 1784. Ya kafa shi dab da tashar jiragen ruwa. A lokacin auduga da hatsin yankin Galili ta Akka suke fita zuwa Turai, shi kuwa al-Jazzar ya mayar da cinikinsu hannunsa shi kaɗai.

Ginin mai kusurwa huɗu ne, hawa biyu, da fili a tsakiya. Ɗakunan ƙasa na ajiyar kaya ne, na bene kuwa na kwanan fatake. Da yake ɗakunan duk filin suke fuskanta, da wuya kaya su shiga ko su fita ba a gani ba. Wannan ya sauƙaƙa tsaro, ya kuma sauƙaƙa karɓar haraji. Ginshiƙai 40 na dutse ne suka kewaye filin, suna ɗauke da bakunan gini. An ɗebo su daga kangayen tsofaffin garuruwa irin su Ƙaisariyya. Daga gare su ne sunan ya samo asali, domin umdan a Larabci ginshiƙai ke nan.

A 1906 aka ɗora hasumiyar agogo a kan babbar ƙofar don girmama Sarki Abdulhamid na Biyu. Amma kafin wannan lokaci Beirut da Haifa sun riga sun janye ciniki, fatake sun ƙaurace. A 2001 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Akka cikin wuraren tarihi na duniya. Daga baya an yi yunƙurin mayar da masaukin otal, Larabawan birnin suka ƙi, don gudun kada a raba su da gadonsu. Ke nan tambayar da ginin ya taso da ita tun farko, wato wa zai mallaki wurin, ita ce ta sake dawowa.